Ɗigo Ɗaya a Ido, Har Zuciya Yake Kaiwa

Duk wanda ya taɓa ɗiga maganin ido, jim kaɗan ya ji ɗaci a maƙogwaro, ya riga ya san abin da masu hawan jinin ido da yawa ba a taɓa zaunar da su an gaya musu ba: abin da aka zuba a ido ba a ido yake tsayawa ba. A lungun ido ta wajen hanci akwai 'yan ƙofofi biyu, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, waɗanda hawaye ke bi ya gangara cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ta nan mafi yawan ɗigon yake zurarewa, ana ƙiyasta har kashi 80 cikin 100, kuma fatar cikin hanci tana tsotse shi kai tsaye zuwa jini. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta an rage mata kaifi kafin ta zaga jiki. Ɗigon ido bai san wannan shingen ba.

Ke nan 'yar kwalbar nan da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ake rubuta wa mai gilakoma, wato hawan jinin ido, maganin jiki ne sukutum a cikinta. Amma mu a nan ba haka muke kallonta ba. Dattijon da ko kusa ba zai haɗiyi ƙwayar maƙwabcinsa ba, sai ka ga ya karɓi kwalbarsa a ƙofar masallaci ya ɗaga kai ya ɗiga, wai ai na ido ne.

Sai an san abin da maganin yake yi kafin a gane inda haɗarinsa yake. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba, wanda ido yake samarwa dare da rana, yana fitar da shi ta wata siririyar rariya da ta kewaye baƙin ido. Idan rariyar ta soma cushewa, kamar ta tsakar gida a watan Agusta, ruwa na zuwa fita na gagara, sai matsi ya ƙaru a ciki. Awon yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitocin ido. Matsin nan yana danne jijiyar gani da ke bayan ido, tana mutuwa zare-zare, daga gefe take somawa, tsakiya ce ƙarshe. Irin gilakomar da ta fi yawa a ƙasar nan ba ciwo, ba ja, ba kwantsa. Mutum yana karanta Alƙur'aninsa daidai, sai dai ya yawaita tuntuɓe, ko mai acaɓa ya ɓullo masa ta gefe bai gan shi ba. Abin da ya mutu a jijiyar nan kuwa ya tafi ke nan. Nan ya bambanta da yanar ido, wadda ake cirewa mutum ya koma yana gani.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya auna mutane sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya samu kusan 5 cikin kowane 100 suna da cutar. A cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma 1 cikin 5 ya riga ya makance. Ita ce ta biyu a sababin makanta bayan yanar ido, da kashi 16.7. Shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ita ce ta fi ko'ina yawan makafi a wancan bincike, kashi 6.1, alhali Kudu maso Yamma na da 2.8.

Magungunan ɗigawa kuwa aiki biyu suke yi: wasu su rage yawan ruwan da ido ke samarwa, wasu su sauƙaƙa masa fita. Babu ko ɗaya da ke ƙara gani. Wannan ita ce masifar farko. Mai zazzaɓi ya sha magani ya ji sauƙi, ya san kuɗinsa sun yi aiki. Mai gilakoma ya ɗiga wata guda cur, abin da ya samu raɗaɗi ne da jan ido da ramin aljihu, gani kuma yana nan inda yake. Sai ya ce maganin bai karɓe shi ba. Alhali tsayawar ganin inda yake ita ce nasarar. Wani gwaji da aka yi a Suwidin ya nuna duk maki ɗaya da aka rage a matsin ido yana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. Ranar da aka daina ɗigawa, cikin 'yan kwanaki ko makonni matsin ya koma gidan jiya, ba kuma tare da wata sanarwa ba.

Wanda aka fi rubutawa a asibitocinmu, don ya fi araha, shi ne timolol. Tsohon magani ne, tun 1978 aka amince da shi a Amurka, kuma yana aiki. Sai dai dangin magungunan zuciya ne irin su propranolol da atenolol, masu rage gudun bugun zuciya. Idan ya bi ta hanci ya shiga jini, halin danginsa yake yi. Yana tsuke hanyoyin numfashi, don haka mai asma, ko wanda ya taɓa yin ta ko da a ƙuruciya ne, ko mai tsohon ciwon huhu irin na tsofaffin mashaya taba, bai kamata ya kusance shi ba. An samu waɗanda ɗigon nan ya tayar wa da asma har suka rasu. Haka wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali, ko mai raunin zuciya da ƙafafu ke kumbura. Wanda kuma yake shan atenolol, verapamil, diltiazem ko digoxin, ɗigon zai hau kan ƙwayar ne, nauyi ya zama biyu.

Matsalar ita ce a layin asibiti, inda likita ɗaya ke da mutum barkatai a gabansa, tambayar asma tana iya kuɓucewa, majiyyaci kuma ba zai kawo ta da kansa ba, don a ganinsa ina ruwan ido da ƙirji. To, da ruwansa. Duk wanda aka miƙa wa takardar timolol ya buɗe baki ya faɗi abin da yake fama da shi da duk ƙwayar da yake sha, an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya kuma nemi a ƙirga masa bugun zuciya kafin ya fara. A gida ma ana iyawa: yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na minti ɗaya. Idan ya sauka ƙasa da 50, ko numfashi ya soma ƙara kamar usur, ko jiri ya ɗebi mutum ya faɗi, kada a ɗiga na gaba, a nufi asibiti a ranar. Tsofaffi nawa ne suka yanke jiki a banɗaki aka ce tsufa ne, ba wanda ya waiwayi kwalbar da ke kan taga?

Mai ciwon suga yana da nasa kashedin. Idan suga ya faɗi, faɗuwar gaba da karkarwa su ne ke fara sanar da mutum ya nemi abin zaƙi. Timolol yana iya danne waɗannan alamu, gumi kaɗai ya bari. Sai kuma abin da maza ba sa faɗa: maganin yana kawo wa wasu kasala, baƙin rai, da rauni a shimfiɗa. Magidanci ya lura, ya yi shiru, ya jefa kwalbar a aljihun tsohuwar riga, ya koma asibiti yana cewa yana sakawa. Da ya faɗa, da an canza masa wani, don akwai.

A kula kuma, timolol yana ɓuya. Cosopt, Xalacom, Combigan, DuoTrav, Azarga, Ganfort, kowannensu haɗin magani biyu ne, kuma ɗaya daga ciki timolol ne. Wanda aka canza wa zuwa ɗayansu, ya ci gaba da tsohuwar kwalbarsa don kada ta yi asara, ya ninka wa zuciyarsa kaya bai ƙara wa idonsa komai ba.

Maganin mafi yawan wannan damuwa kyauta ne, kuma a hannun mutum yake. Da zarar ɗigon ya shiga, a rufe ido a hankali, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba ƙifce-ƙifce ba, don ƙiftawa ita ce ke tura ruwa cikin waɗancan ƙofofi. Sai a ɗora kan ɗan yatsa a lungun ido inda ya haɗu da karan hanci, a danna sama-sama, a zauna haka aƙalla minti 2, in da hali har 5. Wani bincike na 1984 ya nuna yin haka na minti 5 yana rage timolol ɗin da ke shiga jini da fiye da rabi. Ribar ba ɗaya ba ce: maganin ya daɗe a ido ya yi aikin da aka saye shi dominsa, zuciya da huhu sun huta, ɗacin maƙogwaro ya ragu ko ya ɓace. A ganina, da za a ce ma'aikacin asibiti minti ɗaya tak gare shi da kowane majiyyaci, wannan ya kamata ya koyar, kuma da hannu, ba da baki ba.

Batun ɗaci ya kai mu ga azumi, inda ake asarar gani mai yawa a ɓoye. Mutane da dama suna ajiye kwalba daga ganin wata har Sallah. Ba kuma jahilci ne zalla ba, suna da madogara: a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, ruwan da ya bi ta ido ya isa maƙogwaro yana sa a rama azumin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi muddin mutum ya kauce wa haɗiye abin da ya isa maƙogwaro. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Abin da ya kamata malamin da mai tambayar su sani shi ne yawanci ba a ma buƙatar shiga saɓanin. Wanda ake ɗigawa sau ɗaya da dare, bayan buɗa-baki ne lokacinsa dama. Na sau biyu, a yi ɗaya da sahur ɗaya da shan ruwa. Azuminmu a Bauchi awa 13 zuwa 14 ne, tazarar ba ta ɓaci ba. Na sau uku ne kaɗai ke faɗawa tsakiyar rana, shi kuma tun a Sha'aban ya kamata a je a nemi likita ya duba ko zai canza. Wata guda ba magani, shekara bayan shekara, ga jijiyar da ba ta farfaɗowa, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙari a kan haka, kwankwaɗar ruwa kamar lita guda a tashi ɗaya yana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci, don haka mai cutar ya sha kaɗan-kaɗan idan an kira salla.

Shi kansa ɗigawar fasaha ce, kuma wanda ya fi buƙatarta shi ne ya fi kasa yin ta, tunda ganinsa ya ragu, hannu kuma na rawa. Na ga wata tsohuwa tana yi: ta zauna a bakin gado, ta ɗaga kwalba sama, ta matsa, na farko ya sauka a kunci, na biyu a gira, sai ta kawo bakin kwalbar ta manna a ƙwayar idon ta matse har ruwa na bin gefen fuska, ta goge da bakin mayafi ta ce alhamdulillahi. A zama ɗaya ta kashe na kwana uku, ta kuma shafa wa bakin kwalbar duk abin da ke gashin idonta. 'Yarta ce ta karɓa daga baya. “Inna, kwanta rigingine, ki kalli rufin ɗaki.” Ta wanke hannu da sabulu, ta ja fatar ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, ta saki ɗigo ɗaya daga ɗan nesa, ta ce ta rufe ido ta danna. Shi ke nan aikin.

Ɗigo ɗaya ya isa, don ido ba ya iya riƙe ko ɗayan gaba ɗaya. Na biyu asara ne, ko dai ya bi kunci ko ya bi hanci. Kwalbar maganin gilakoma da ake kira latanoprost mai mililita 2.5 ɗigo kusan 80 ne a ciki. Ido biyu a wata guda suna cin 60. Rarar ba ta da yawa. Wanda aka rubuta wa iri biyu ya bar aƙalla minti 5 tsakaninsu, in ba haka ba na biyu ya wanke na farko. In akwai man shafawa na ido, shi ne ƙarshe. Mai kama da madara, irin su Azopt, sai an girgiza. Wanda ya manta har lokacin na gaba ya kusa, ya bar wancan ya wuce, kada ya rama da ninki. Don gudun mantuwar ma, babu agogon da ya kai salla: na sau biyu a ɗaura shi da Asuba da Magariba, na dare da Isha'i, bayan an idar, hannu a wanke.

Tsabtar bakin kwalba ba tsirfa ba ce. A 2023, wani ruwan ɗigawa na bushewar ido da aka yi a Indiya ya gurɓata da ƙwayar cuta mai taurin kai, ya kama mutum 81 a jihohi 18 na Amurka. 14 suka rasa gani, aka ƙwaƙule wa 4 ido, 4 suka mutu. Wancan daga masana'anta ne. Namu yawanci daga hannu ne: a faɗaɗa bakin kwalba da allura don ta ƙi zubowa, a ajiye murfi a ƙasa, mutum uku su yi tarayya a kwalba ɗaya, ko a zuba mata ruwa don ta ƙara kwana. Ƙa'ida ita ce kwalbar da aka buɗe ta yi mako 4 a jefar, ko da saura. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. A kuma raba mata wurin ajiya da maganin kunne da gam ɗin nan mai kamawa nan take, don kwalabensu sun yi kama, kuma a duhu mai raunin gani lalube yake yi. Launin murfi ma ba abin dogaro ba ne, kamfani-kamfani ne. Wanda ba ya karatu a ɗaura masa zare a ta dare, a bar ta safe haka.

Sai latanoprost, wanda ya fito a 1996 da sunan Xalatan, kuma a yau shi da danginsa ne zaɓin farko a ƙasashe da dama. Sau ɗaya ake ɗiga shi da dare, ya fi timolol rage matsi, ba ya kuma taɓa bugun zuciya. Wanda ya ƙara zuwa sau biyu don neman saurin sauƙi, ƙarfinsa yake ragewa. Aibinsa a wurinmu zafi ne. Takardar da ke cikin kwalin cewa ta yi a ajiye shi a firij, digiri 2 zuwa 8, kafin a buɗe, bayan an buɗe kuma kada wurin ya wuce digiri 25. Wanda ya rubuta wannan bai kwana a ɗakin kwano a Azare ko Misau a watan Afrilu ba, lokacin da rana ke dosar digiri 40, wuta kuma sai an ga dama. Tun kafin kwalba ta iso hannun majiyyaci ma, a ina ta kwana? Idan mai kanti ya ɗauko ta daga kanta inda rana ke duka ta gilashi, ba daga firij mai aiki ba, ni dai ba zan saya ba. A gida, in babu firij, a sa kwalbar a ƙaramin mazubi mai murfi, a binne shi rabi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Dabarar tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000, ita ma tana taimakawa, musamman lokacin da iska ta bushe. Ba ta kai firij ba, amma ta fi aljihun gaban riga ko gaban mota nesa ba kusa ba. Mai firij kuma kada ya sa a gidan ƙanƙara. Mafi sauƙi, a tambayi likita ko zai rubuta travoprost ko bimatoprost, 'yan gida ɗaya ne da shi amma ba sa neman firij.

Wannan dangi suna da alamunsu a fuska. Gashin ido yana tsawo ya yi kauri, fatar kewayen ido ta yi duhu, wani idon ya ɗan faɗa ciki. Suna kuma ƙara wa launin ido duhu har abada, ko da yake a idonmu mai duhu dama ba a cika lura ba. Goge abin da ya zubo a fata nan take yana rage baƙin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne jan ido a makonnin farko, wanda yawanci yana lafawa da kansa. A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago.

Mutum ya ga idonsa ya yi ja, abokai na tsokana ko Afolo ce, sai ya biya kemis. “Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne, ga wanda zai wanke maka shi tas kafin jibi.” Ya miƙo kwalba mai ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, irin su Maxitrol da Betnesol. Kuma gaskiya ne, kafin jibi ido ya yi fari, ƙaiƙayi ya tafi, Alhaji ya samu maganin da ya karɓe shi. Abin da mai kemis bai faɗa ba, wataƙila bai ma sani ba, shi ne wannan rukuni na sitiroyid yana ƙara cushe rariyar nan. Kusan mutum 1 cikin 3 matsin idonsa yana hawa idan ya yi makonni yana ɗigawa, masu gilakoma kuwa mafi yawansu ne. Magunguna ne masu amfani a hannun likitan da ke auna matsi yana sa ranar dainawa. A hannun wanda zai riƙa saye duk hunturu, hanyar makanta ce. Yaran nan masu ƙaiƙayin ido da idonsu ke yin ruwan ƙasa lokacin ƙura, da yawa ta haka suke samun gilakomar da ba su gada ba. Mayukan bilicin masu sitiroyid da ake shafawa a fuska su ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Ruwan albasa, nonon mai jego, ruwan suga da sauran abin da ake ɗurawa a ido, ba wanda ke rage matsi, gyambon da suke iya jawowa kuwa yana hana a ci gaba da maganin gaskiya.

Sauran magungunan a taƙaice. Brimonidine yana busar da baki, yana sa gyangyaɗi, abin lura ga direba da mai acaɓa, kuma bayan watanni wasu idonsu yana ƙin sa, ya yi ja ya kumbura. Haramun ne ga yaro ƙasa da shekara 2, don yana iya sa shi barci mai nauyi har numfashi ya tsaya. Mai shayarwa ta guje shi, kwalbar kuma a rataye ta inda jika ba zai kai ba. Dorzolamide yana da raɗaɗi da ɗaci, kuma mai ciwon ƙoda mai tsanani ko wanda magungunan salfa suka taɓa yi wa mummunar illa ya faɗa tun wuri. Ƙwayar Diamox da ake bayarwa idan matsi ya yi sama sosai ta 'yan kwanaki ce, ba ta saye a kai a kai ba, kuma mai sikila ya sanar kafin a ba shi. Mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likitan ido, ba na awo kaɗai ba. Ciwon ido mai tsanani farat ɗaya, da ciwon kai da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila, wannan ba na jiran ranar kati ba ne, na daren nan ne.

Akwai wata tattaunawa da ake maimaitawa a ɗakunan duba ido. “Baba, ana saka maganin?” “Ana sakawa, likita, ba fashi.” Sai jikan da ya rako shi ya zaro kwalba daga leda, ta wata guda ce, an saye ta tun kafin Babbar Salla, ga ta nan rabi. Baba ba maƙaryaci ba ne. Kunya ce, da nauyin a ce ɗansa ya kasa saya masa, sai yake ɗigawa yau ya tsallake gobe don ta kai. Amma likitan da bai ga kwalbar ba zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara na biyu, kuɗi su ƙaru, illa ta ƙaru. Wani kuma sai ana gobe asibiti yake ɗigawa, awo ya fito lafiya lau, a sallame shi da murna, jijiya na ci gaba da mutuwa sauran kwanakin. Don haka a riƙa zuwa da kwalaben duka, a ɗiga na safiyar ranar kamar kullum, a kuma faɗi gaskiyar aljihu. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, magungunan nan kuma akasari daga waje ake shigo da su. Rashin iya saye ba abin kunya ba ne, bayani ne da likita yake buƙata kamar awon matsi.

A nan nake da ja da yadda muka mayar da ɗigo tamkar shi kaɗai ne hanya. Binciken da Dakta Mohammed Abdull da abokan aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mutanenmu suna zuwa a makare, da yawa ido ɗaya ya riga ya tafi, kuma ƙalilan ne ke yarda da tiyata. Ana iya fahimtar tsoron: aiki ne da ba ya dawo da gani, kuma kowa yana da labarin wanda aka taɓa wa ido ya ƙarasa. Sai a zaɓi kwalba don ta fi kama da lafiya. Amma ga manomin da ke bayan Ningi ko Alkaleri, wanda kantin kirki ya yi masa nisa, ba firij, ba kuɗin wata-wata har ƙarshen rai, takardar ɗigo sau da yawa sallama ce kawai cikin ladabi. A Moshi ta Tanzaniya an gwada aikin leza mai buɗe rariyar ido da ɗigon timolol, aka buga sakamakon a 2021: bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 na idanun, timolol a kashi 31. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, ba kuma kowane ido ya dace da ita ba, amma majiyyaci yana da haƙƙin ya tambaya, a Bauchi ne, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ne, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wanda aka yi wa leza ko tiyata ma ba a sallame shi ba; zai ci gaba da zuwa awo, wani a mayar da shi kan ɗigo, kuma likita ne zai ce a ajiye kwalba, ba shi ba.

Cutar tana bin jini. Wanda aka rubuta wa maganin nan ya tura 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa da suka doshi shekara 40 a auna musu matsi a duba jijiyar, ko da suna zura zare a allura, kowa kuma a rubuta masa nasa in ya kama.